Ƙafar Fitilar Baba Yahuza

Ban taɓa mantawa da wata Asabar ta cikin Sha'aban ba, ranar da sunana ya kusa faɗuwa tare da fitila a wani aji a Indabo. Bari in fara lissafa muku abin da ke kan faifai a ranar, don ku gane nauyin lamarin. Akwai ƙafar fitila guda biyu da na sayar wata ɗaya kafin nan. Akwai ɗalibai arba'in da bakwai da ke jiran a ɗauke su hoton kalandar sauka. Sai masu hoto tara na ƙungiyarmu ta nan Wudil, waɗanda suka sa washegari Lahadi a matsayin ranar da za su zauna su yanke shawara: ko su haɗa kai su sayi sababbin kayan haske a wurina, ko su wuce Kano. Duk wannan yana rataye ne a kan abu ɗaya. Shekara goma sha ɗaya na yi ina gina magana ɗaya a bakin mutane, cewa Nafi'u ba ya sayar da jabu. Ban gaji shago ba, ban gaji jari ba. Wannan maganar ita ce jarina.

Ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan nan kun san ni a bayan kanta, ina sayar da kyamara da fitila da lema, ina kuma ba da haya. Amma da hoto na fara, a hannun Malam Yahuza, wanda duk garin nan ake ce wa Baba. Shekara shida na yi a ƙarƙashinsa. Da na lura idona na ciniki ya fi idona na hoto gani, sai na nemi izininsa na buɗe shago. Ya sa mini albarka, ya ce dama tun tuni ya ga na fi kallon farashin kyamara a kan fuskar wanda ake ɗauka.

Ga wanda ba ɗan sana'a ba, ƙafar fitila ita ce abin da muke kafawa mu ɗora fitilar hoto da lemarta a kai. Ƙafafu uku gare ta a ƙasa, sai sanda mai gaɓa uku kamar rake, kowace gaɓa tana shigewa cikin 'yar'uwarta. A bakin kowace gaɓa akwai maɗauri da ake murɗawa. In ka ja gaɓar ta kai tsayin da kake so, sai ka murɗa, wata roba da ke ciki ta matse sandar ta riƙe. Ba ƙugiya, ba ƙusa, matsi ne kawai yake ɗauke da nauyin fitilar. Mutane suna raina ta don ba ta walƙiya, ba ta ƙara. Amma duk tsadar fitilarka, a kan wannan sandar take kwana.

A al'adar makarantun Islamiyya na wajenmu, kafin azumi ake yin sauka, kuma ana buga kalanda mai ɗauke da hoton kowane ɗalibi da sunansa a ƙasa. Iyaye suna rataye ta a ɗaki shekara da shekaru. Wata makaranta a Indabo ta daɗe tana ba Baba wannan aikin. A shekarar ne ya ce tsofaffin ƙafafunsa na baƙin ƙarfe sun yi masa nauyi, ya zo ya sayi biyu na zamani, na alminiyam, a wurina.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe wayata ta yi ƙara. Baba ne. Mutumin da ba ya shiga magana sai ya tambaye ka gida da yara da kasuwa da gajiyar jiya, ranar ko sallamata bai gama amsawa ba.

"Nafi'u, kana shago?"

"Ina nan, Baba. Lafiya dai ko?"

"Zo Indabo ka kwashe tarkacenka."

Ya kashe. Ban tsaya dogon tunani ba. Na ɗauko ƙafafu biyu daga cikin na haya, da fitila ɗaya, na ɗaure a bayan babur, na ja ƙofar shago.

Na tarar da ɗalibai sun yi layi a baranda, mata cikin farin hijabi, maza cikin farar shadda. Wasu iyaye sun taru a bakin taga. A cikin ajin an rataye shuɗin yadi a jikin allo, an ajiye kujera a gabansa. Rufin kwano ne ba sili, zafi kamar a bakin murhu. Fitila na kwance a ƙasa, ƙwanta ya tarwatse, lemar ta karye gida biyu. Baba na zaune a kan benci, ya naɗe babban yatsansa da hankici. A gefe kuma ga Kabiru, sakataren ƙungiyarmu, da kyamarar bidiyo a kafaɗa, don shi makarantar ta ɗauka ya yi mata faifan sauka.

Shugaban makarantar, Malam Shu'aibu, shi ya tarbe ni, muka gaisa a gurguje, ya ba ni labari. Da safe komai lafiya. Da rana ta fara ɗagawa, sai fitilar ta riƙa sauka a hankali, kamar mai gyangyaɗi. Baba ya ɗaga ya murɗa, ta sake sauka. Ya sake murɗawa, har da filaya. Ana kan ɗaliba ta goma sha tara, wata yarinya Rumasa'u, sai gaɓar sama ta zube gaba ɗaya. Lema ta rinjayi sandar, komai ya kifo. Baba ya kai hannu, maɗauri ya datse masa yatsa. Fitilar ta daki gefen kujerar.

"Taƙi ɗaya," in ji Malam Shu'aibu, ya buɗe yatsunsa ya nuna mini. "Taƙi ɗaya tsakaninta da kan yarinyar. Allah ne ya tsare."

Sai Baba ya ɗago. Bai yi ihu ba, amma muryarsa ta kai bakin taga.

"Ni za ka sayar wa da jabu, Nafi'u? Duk garin nan ka rasa wanda za ka yi wa sai ni? Shekara arba'in ina kafa fitila, ko sau ɗaya ba ta taɓa faɗo mini ba. Wata ɗaya da kayanka, ga shi na kusa kashe 'yar mutane."

Na durƙusa na ɗauki sandar don in ga inda ta karye. Ba ta karye ba. Maɗaurin lafiyarsa lau, in ban da sawun filaya. Da na zare gaɓar sama, sai ta sulɓe a hannuna kamar tarwaɗa. Na dubi tafina, yana ƙyalli. Na kai kusa da hanci kamar ina share gumi. Man keke ne, irin wanda teloli suke ɗiga wa keken ɗinki.

Nan take na gane, domin da hannuna na sha yin wannan aikin. A wurin Baba, kowace Alhamis ranar gyaran kaya ce. Za a shimfiɗa buhu a zaure, a fito da ƙafafun ƙarfe, a tsoma gashin kaza a kwalbar mai, a bi kowace gaɓa a shafe. Waɗancan ƙafafun tsatsa ce abokiyar gabarsu, kuma ƙusa ce mai kaifi take cizon ƙarfen ta riƙe, ko an yi musu wanka da mai ba za su zame ba. Baba bai yi sakaci ba. Kula ya yi da kayan, irin kulawar da ya sani. Da sanyin safiya man ya yi kauri, robar ta ɗan riƙe. Da kwano ya ɗau zafi, man ya saki, ta sake.

Wani abu kuma ya faɗo mini a rai ina durƙushe a wurin. Ranar da ya zo sayen kayan, na zare sandar na fara cewa, "Baba, wannan irin ta bambanta da waccan, ita ba a..." Sai ya yi dariya ya karɓe ta daga hannuna. Ya ce, "Yau kuma ni za ka koya wa ƙafar fitila? Kai da na koya wa naɗe waya?" Akwai mutane a shagon, suka yi dariya, ni ma na yi. Na ce, "Wane ni, Baba." Na ɗaure masa kayan na raka shi bakin titi. Duk wanda ya sayi irin wannan ƙafar a wurina sai na tsayar da shi na yi masa bayani. Mutum ɗaya na ɗaga wa ƙafa, don kunya.

Yanzu ga ni da kalma huɗu a baki: Baba, mai ka shafa. In na faɗe su na ɗaga tafina, sunana ya wanku a gaban Kabiru, wanda shi zai kai labari wurin zaman gobe. Ni ɗan kasuwa ne, ba zan ɓoye muku ba, sai da na auna. Amma na auna ɗaya ɓangaren ma. Baba ya haura saba'in. Samari masu sababbin kyamarori sun kwashe bukukuwan aure, waya ta kwashe hoton suna. Wannan kalandar ita ce babban aikin da ya rage masa a shekara. In Malam Shu'aibu ya ji, a gaban iyaye, cewa hannun tsohon ne ya jawo fitila ta kusa faɗa wa yarinya, ba zai ce komai ba, mutumin kirki ne. Amma baɗi wani zai kira. Ni in na rasa cinikin gobe, shagona na nan. Shi in ya rasa wannan, ya tashi daga aiki ke nan, kuma da abin faɗa.

Na goge hannuna a cikin aljihu. Na ce, "Baba, a yi haƙuri. Ga wasu na kawo. A ci gaba da aiki, yara sun gaji da tsayuwa."

Na kafa masa da kaina, kuma yadda na kafa ita ce ƙa'ida, ku riƙe ta. Na buɗe ƙafafun har ƙarshe, ba rabi ba. Na juya ƙafa ɗaya ta kalli inda lema ta rinjaya, don in nauyi ya ja gaba ya tarar da abin da zai tokare shi. Na ɗora fitila tun sandar tana ƙasa, sannan na ɗaga gaɓa ɗaya bayan ɗaya, hannun hagu riƙe da gaɓar, na dama yana murɗawa, kuma da yatsu kawai. Maɗaurin da sai da filaya yake riƙewa, akwai abin da yake gaya maka. Bayan makarantar akwai tulin yashin gini. Na roƙi buhu biyu na cika su rabi-rabi, na ɗora a gindin kowace ƙafa. Na bi da waya ta jikin bango, ba ta inda yara za su taka ba. Na matsar da kujera yadda ko duniya za ta kife, fitila ba za ta kai kan mai zama ba.

Rumasa'u ta ƙi komawa kujerar. A nan na sake ganin abin da ya sa makarantar ba ta taɓa canza Baba ba. Ya sauke kyamara, ya dube ta.

"Ke, hizifi nawa kika sauke?"

"Sittin," ta ce.

"Sittin cif? Kika wuce Baƙara ba ki gudu ba, sai lemar tsoho ce za ta kore ki? Zauna, jikata. In ta sake motsi, wancan mai ƙaton kan za mu sa ya tare." Ya nuna ni da haɓa.

Yara suka fashe da dariya, ita ma ta yi, ya ɗauka kafin dariyar ta gama sauka daga fuskarta. Kafin la'asar an gama arba'in da bakwai. Duk tsawon lokacin, in ban da "ɗaga" da "sauke", bai ce mini komai ba. Na bar masa ƙafafun hayar, don akwai hoton malamai da zai ɗauka cikin mako. Na kwashe nasa biyun.

Ina ɗaure kaya a babur Kabiru ya same ni.

"Mutumina, labari fa ya riga ka isa Wudil. Hoton fitilar yana guruf ɗin ƙungiya tun azahar."

"Wa ya tura?"

"Ni mana. Ba ni ne sakatare ba?" Ya sosa ƙeya. "Kar ka kalle ni haka. In ban tura ba wani zai tura, kuma da ƙari. Amma gaya mini tsakani da Allah, an cuce ka ne a wajen sari? In haka ne ka faɗa gobe, kowa ana cutarsa."

"Ba a cuce ni ba."

"To me ya faru?"

"Sai goben," na ce, na tayar da babur.

Da na koma shago na kwance maɗauran ƙafar da ta faɗi, na fito da robobin, na wanke su da ruwan sabulu mai ɗumi, na wanke gaɓoɓin, na bi su da sifirit, na shanya a inuwa. Ɗayar na bar ta yadda take. Ina wankin ina tunanin abu ɗaya: na rufa wa Baba asiri a Indabo, amma ƙafafuna biyu na haya suna zaurensa, Alhamis na tafe, kuma gashin kaza na nan. In na sake yin shiru, fitila ta gaba ba lallai ta bar taƙi ɗaya ba.

Lahadi da hantsi na je gidansa da ƙafafun biyu da buhun yashi. Na same shi a zaure kan tabarma. Na durƙusa muka gaisa, wannan karon gaisuwa cikakkiya, amma a bushe. Na tambayi yatsa, ya ce da sauƙi.

"Baba, wani abu ne ya ɗaure mini kai, na ce bari in kawo ka duba mini."

Ya san ƙarya nake, amma ya karɓi mayafin rufin asirin da na miƙa masa. Ya ce, "Mu gani."

Na kafa wadda na wanke, na ɗaga ta har ƙarshe, na rataya buhun yashi a samanta, wanda ya ninka nauyin fitila. Muka zauna muna kallo. Ya aika aka kawo mini ruwa, na sha. Ba ta motsa ba. Na sauke buhun na mayar kan wadda ban wanke ba. Kafin in janye hannu ta zube. Sai na ce, "Baba, ko kwalbar nan ta Alhamis tana kusa?"

Ya dube ni. Sannan ya miƙa hannu bayan ƙofa ya ɗauko ta, da gashin kazar a ciki. Bai ba ni ba. Da kansa ya tashi, ya zare gaɓar wadda na wanke, ya ja gashin sau ɗaya a jikinta, ya murɗa, ya rataya buhun. Ta fara sauka a hankali.

Ya koma ya zauna. Can ya ce, kamar da kansa yake magana, "Na ji tana ƙara in na ja ta. Na ce ƙishirwa take ji."

"Yashi ne yake shiga, Baba. Busasshen tsumma kawai take so. In ma za a ɗiga mai, sai dai a mahaɗar ƙafafun ƙasa, ɗigo ɗaya. Sandar kuwa ko kusa."

"Ka san da haka ranar da ka sayar mini?"

"Na sani."

"Ka yi shiru."

"Na fara faɗa, Baba, sai ka ce..."

"Na san abin da na ce!" Ya buga tabarma da hannun da ba ciwo. "Don na ce, sai ka haɗiye? Tsoho ya yi maka wasa a gaban mutane, sai ka bar shi ya tafi da abin da zai kashe yaro? Ba ka san hanyar gidan nan ba? Da fitilar nan ta sauka a kan yarinyar, kunyar taka za ka ɗauka ka kai wa uwarta?"

Na zo da niyyar in nuna masa kuskurensa cikin ladabi, sai ga shi ni ake wa faɗa, kuma ban sami inda zan kama in ce bai yi gaskiya ba. Na sunkuyar da kai.

Da zan tafi ya ce, "Yau ne zaman naku ko?"

"Yau ne, bayan la'asar."

Na tsaya, hannuna a kan buhun yashi, ina jira ya ce zai zo. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Ya dubi yatsansa, ya dubi ƙofa, ya ce, "Gwiwar nan ta matsa mini kwana biyu. Ka gaida mutanen."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na fita raina a ɓace.

An yi zaman a kan bencuna a ƙofar shagon Kabiru. Na sake wanke ƙafar na je da ita, na kafa a tsakiya na rataya yashi, na ce kowa ya zo ya ja. Suka ja, suka girgiza, ba ta sauka ba. Sai Sule, wanda duk ƙungiyar ba mai bakinsa, ya ce, "Wannan dai mun gani. Ta Indabo muke tambaya."

"Ita ce wannan. Ga sawun filaya."

"To me ya kayar da ita jiya?"

"Na sayar ban yi bayani ba. Laifina ne."

"Wato Baba ne bai iya kafawa ba?"

"Ban ce ba."

"To jabu ce ke nan."

"Ban ce ba."

"Shi ke nan, jama'a," in ji Sule, ya tafa hannu. "Ba tsoho ba ne, ba kaya ba ne. Aljanun Indabo ne. A rubuta, sakatare."

Aka yi dariya, amma na ga fuskoki. Mutumin da zai sa kuɗin guminsa ba ya son amsa mai lanƙwasa, kuma ban ga laifinsu ba. Abu ɗaya dai na ƙudura ba zan bari ba. Na nemi minti biyar, na ce ko a ina za su saya, ga yadda ake kula da irin wannan ƙafar. Na jero musu: buɗe ƙafafu, buhun yashi, kar a murɗa da filaya, kar a shafa wa sanda mai, kar a jefa ta bayan babur ba jaka, a sassauta maɗaurai in za a ajiye, a goge yashi da busasshen tsumma. Na cusa maganar man a tsakiya, na wuce ta da sauri kamar sauran. Kabiru ne kaɗai ya daina rubutu ya ɗago ya kalle ni. Na kalli wani wajen.

Haɗin kan ya watse a ranar. Uku suka ce suna tare da ni. Shida suka ce Kano, kuma ranar Talata suka tafi suka yi sayayyarsu.

Ranar Juma'a, ranar kasuwa, lokacin da titi ya cika da motocin shanu kuma shagona ya cika da masu hoton ƙauyuka da ke shigowa sayen batir da takarda, sai ga Baba, da gwiwar da ta matsa masa. Ya zauna a bencin ƙofa ya amsa gaisuwar kowa ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Sai da ya tabbata wurin ya cika, sannan ya ɗaga murya.

"Nafi'u, kawo mini ƙafafuna biyu. Ka ƙaro ɗaya, irinsu sak. Kar ka canza mini."

Na fito da su. Zan ɗaure, ya ɗaga hannu.

"A'a. Warware. Yi mini bayani tun daga farko, yadda kake yi wa kowa. Ina ji."

Ya miƙe tsaye, ya harɗe hannu a baya, a gaban samarin da wasunsu jikokinsa sun girme su. Na yi bayanin tun daga buɗe ƙafa.  Da na zo kan mai, ya ce, "To." Bai ƙara ba, bai rage ba. Bai taɓa cewa in yi haƙuri ba, har yau, kuma ban taɓa jira ba. Dattijon Bahaushe ba da baki yake janye magana ba, da ƙafa yake zuwa. Sai dai ƙafar takan iso bayan an tashi daga ciniki.

Tun daga ranar na kafa doka a shagona, kun kuma ga ina bin ta: ba ƙafar fitilar da za ta fita sai mai saye ya kafa ta a gabana ya sauke, ko shi waye. Na yi wa malamin jami'a, na yi wa Alhajin da ya ce direbansa na jira. Mai jin haushi ya ji. In babba ne ya katse ni a gaban mutane, sai in yi dariya tare da shi, da yamma in bi shi gida in ƙarasa. Girmamawa tana da wurinta, a zaure, a gaisuwa, a yadda za ka zaɓi kalma. Ba ta da wuri a tsakanin fitila da kan yaro.

Ga lissafin ƙarshe, yadda yake ba ƙari. Cikin shidan da suka tafi Kano, biyu sun dawo bayan shekara. Huɗu har yau can suke saye, kuma Sule in ya gan ni a masallaci yakan ce, "Ina aljanun?" Wasa ne, amma wasan yana da haƙori, don akwai baƙon da zai ji ya tambaya. Fitilar da ta fashe ni na maye wa Baba, bai nema ba, ban kuma yi shela ba. Shi kuwa ya ƙara shekara uku yana ɗaukar kalandar Indabo, har idonsa ya gaza ya ajiye kyamara da kansa, ba wanda ya karɓe masa. Da izininsa nake ba ku wannan labarin yau. Ya ce in faɗa, amma in tabbata na faɗi nawa laifin da ƙarfi.

In kun tambaye ni riba ce ko asara, a ciniki asara ce, kuma ban gama biyanta ba. Shiru biyu na yi a wannan lamari. Na Indabo, ko gobe aka maimaita zan sake yin sa. Na cikin shago, wanda na yi ina dariya ina cewa "wane ni", shi ne ya cinye mini mutum huɗu.